Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Gadon Turawa a Bakin Kanal ɗin Kura

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya daga Kano da sassafe a tsakiyar hunturu ya san abin da idonsa zai gani da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari, amma nan shar take har iyakar ganinka. Ruwan Tiga na bin kanal, mutane na duƙe cikin laka suna dashe, wasu na tsinkar tumatir suna cika kwanduna. In ka tsaya ka saurari hirarsu za ka ji Hausar Kano, ka ji ta Katsina da Daura, ka kuma ji wata wadda ke kiran makaranta lakwal, take lissafin kuɗi da sefa. Masu wannan harshe 'yan cirani ne daga ƙasar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamaye. Da guminsu ake cika wani kaso na kwandunan da ke tafiya Ikko, amma ranar da aka yi sata a unguwa su ake fara nunawa da yatsa, ranar da shugabanni suka yi faɗa kuma su ake fara rufe wa hanya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa ba ta jure fitowar rana, kaba kuwa ko an sare ta sai ta tofo. A bakin kakanninmu wannan magana gargaɗi ce ga baƙo ya iya takunsa. Da ta shiga ofis aka buga mata hatimi, sai ta zama hukunci a kan mutum da 'ya'yansa da jikokinsa. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, raba mazauna wuri gida biyu na har abada, mai 'yancin zama da wanda ake haƙuri da shi kawai, dabara ce da daulolin mulkin mallaka suka ƙware a kanta, kuma har yau suna aiki da ita a tsibiran da suka rage a hannunsu. Mu da muke tsine musu a kan wannan ɗabi'a mun ɗauke ta mun goya, muna gallaza wa juna da ita. Ba mu da bakin zagin Faransa da Birtaniya muddin ba mu sauke wannan goyo ba.

Layin da aka ja saboda rijiya da kifi

Sai mu fara da tambayar yadda aka yi mutumin Maraɗi ya zama baƙo a Kura. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, shekara goma sha uku kafin sojan Ingila ya shiga Kano. A 1898 suka sake zama, suka ɗora tsinke a kan birnin Sakkwato a taswira suka zana baka mai nisan mil 100. Da Faransawa suka zo bin rabonsu, sai suka tarar hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Saboda haka a yarjejeniyar 1904 aka turo layin kudu domin ayarinsu ya samu ruwa, su kuma suka sakar wa Ingila haƙƙin da suke da shi na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can ƙasar Kanada ta yau. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa turaku. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda wasunmu ke rantsuwa da ita kamar wahayi, asalinta ke nan: ƙishirwar alfadaran Faransa da kifin wata teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunanta ba.

Layin bai tarar da fili wofi ba. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ce da ta koma can bayan jihadi. Sarkin Tsibiri kuwa Sarkin Gobir ne. Ita kanta Kura, tun kafin a yi mafarkin dam, da me ta yi suna? Da karofi da bugu. Baƙin rawani mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, manyan masu sayensu Buzaye ne na Azbin da Agadas. Arzikin garin nan na farko daga aljihun kakannin waɗanda muke kira baƙi a yau ya fito.

Ba na cewa zamanin da aljanna ce. An yi yaƙi tsakanin Maraɗi da Katsina, an yi bauta, an karɓi kuɗin fito, garuruwa na da ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da magariba. Amma akwai abu ɗaya da wancan zamani ya fi namu: baƙunta tana ƙarewa. Unguwannin birnin Kano shaida ne, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi. Wangarawa daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji. Agalawa, dangin Alhassan Ɗantata wanda aka haifa a Bebeji nan kusa da Tiga, daga arewa suka gangaro. Wa zai tashi yau ya ce waɗannan ba Kanawa ba ne? Mutum kan sauka wurin mai masauki, a kai shi gaban mai unguwa, ya samu gona, ya yi aure, ɗansa ya tashi ɗan gari. Wannan ƙofa ce Turawa suka toshe, lokacin da suka ware Sabon Gari wajen 1913 suka mayar da baƙo wani jinsi na dabam mai unguwarsa da kotunsa.

Takarda biyu, kowace da raminta

Daulolin nan suna son ƙasa, suna son haraji, suna son ƙarfin damtse. Mutumin ne ba sa so ya biyo su gida. Saboda haka kowacce ta ƙirƙiro matakan zama ɗan ƙasa. A wajen Ingila, wanda aka haifa a Ikko talakan Sarkin Ingila ne a doka, domin Ikko mallaka ce kai tsaye. Wanda aka haifa a Kura ko Bunkure kuwa sunansa wanda Birtaniya ke karewa, matsayin da bai kai na ɗan ƙasa ba. Wannan bambanci bai hana a kwashi samarin Arewa zuwa dajin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Da mutanen ƙasashen renon Ingila suka fara amfani da damar shiga Landan da yawa, sai majalisar Ingila ta yi dokar 1962 ta taƙaita shigarsu. A 1968 ta ƙara da wata cikin gaggawa domin tare Indiyawan Kenya, alhali fasfo ɗin Birtaniya ne a hannunsu.

Faransa ta fi iya zaƙin baki. A 1946 ta soke aikin tilas, wanda a da yake koro mutanen Nijar zuwa wannan ɓangaren iyaka, ta kuma yi dokar da ake kira da sunan Lamine Guèye, ɗan majalisa daga Senegal, wadda ta ce duk mazauna yankunanta na ƙetare 'yan ƙasa ne. Nijar ɗaya ce daga waɗannan yankuna. Wato akwai lokacin da manomin Tasawa, a takarda, ɗan ƙasa ɗaya ne da mutumin Paris. Amma ƙuri'a ga kowa da kowa ba ta iso shi ba sai 1956. A ƙarshen 1959 kuma, ana dab da ba da 'yancin kai, Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, aka bar su shekaru aru-aru suna karɓar ɗan abin da bai kai cikin cokalin na abokan yaƙinsu fararen fata ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma mai rijiyar shi ne mai gugar.

Tsibiran da daula ba ta saki ba

Wani zai ce wannan tsohon labari ne. To, ya dubi Mayot, tsibirin da ke tekun Indiya tsakanin Madagaska da Mozambik. A ƙuri'ar raba-gardama ta Disamba 1974 mafi yawan mutanen tsibiran Komoros huɗu suka zaɓi 'yancin kai, amma a Mayot masu son zama da Faransa suka yi rinjaye. Faransa ta ƙirga ƙuri'un tsibiri-tsibiri ta riƙe Mayot, duk da ƙudurorin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta zartarwa cewa ta Komoros ce. A Janairun 1995 gwamnatin Balladur ta sa wa mutanen sauran tsibiran biza. Tsakanin Anjuwan da Mayot kimanin kilomita 70 ne, addini ɗaya, harsuna 'yan uwan juna, auratayya tun kaka da kakanni. Daga ranar, zuwa bikin ɗan'uwa ko neman asibiti ya zama laifi, sai a ƙananan kwale-kwale cikin dare. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka nutse a wannan mashigi tun 1995.

A 2011 Mayot ta zama gunduma ta 101 ta Faransa, amma gunduma mai dokar kanta. Takardar izinin zama da ake ba yawancin baƙi a can ba ta kai su Paris, iyakarta tsibirin. A 2018 aka ce ɗan da aka haifa a Mayot ba zai samu damar zama Bafaranshe ba sai ɗaya daga iyayensa ya yi wata uku da izinin zama kafin haihuwarsa, a 2025 aka mayar da shi iyaye biyu da shekara guda. Ba a yi wa wata gunduma a cikin Faransa haka ba. Ka sauya sunan Anjuwan da Magarya, ka sauya teku da yashi, za ka ga hoton gidanmu.

Na Birtaniya ya fi muni. A 1965 ta yanke tsibiran Chagos daga Morishus, ta ba Amurka mafi girmansu, Diego Garcia, domin kafa sansanin soja. Tsakanin 1968 da 1973 ta kwashe mazauna wurin kakaf, mutum 1,500 zuwa 2,000, ta zubar da su a Morishus da Seshel. Hujjar da ta bayar ita ce ta fi shafarmu: ta ce ai ba mazauna ba ne, leburorin gonar kwakwa ne masu kwantiragi. Da Hausa, ta ce 'yan cirani ne, alhali kaburburan kakanninsu na nan a tsibiran. Olivier Bancoult ya yi nasara a kotun Landan a 2000, gwamnati ta zagaye hukuncin da umarnin fadar Sarauniya a 2004, kotun ƙolin lokacin ta goyi bayanta a 2008. A Fabrairun 2019 Kotun Duniya ta ce rabuwar da aka yi wa Morishus ba ta halatta ba. Ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Mayun 2025 ta bar sansanin Diego Garcia na shekara 99, ba ta buɗe wa mutanen wannan tsibiri ƙofar komawa cikinsa ba.

A ƙara da wannan: bayan yaƙin Falkland, mazaunansa, waɗanda galibinsu jikokin Turawa ne, sun samu cikakkiyar shaidar zama 'yan Birtaniya a 1983. Mutanen Saint Helena da sauran yankunan sai da suka jira 2002, bayan Hong Kong mai miliyoyin jama'a ta koma hannun Sin a 1997. Ma'aunin bai ɓuya ba: launin fata da yawan kai.

Laifi tudu ne

Har nan na san mai karatu na tare da ni, domin zagin Bature ba ya da tsada. To, laifi tudu ne, sai mu sauka daga kan namu mu dube shi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Hausawan zango na cikin waɗanda aka kora, wasunsu a can aka binne cibiyarsu. Mun yi kuka, kuma muna da gaskiya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari, ta bakin ministan cikin gida Alhaji Ali Baba, ta ba baƙi wa'adin mako biyu ita ma. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Chadi. Wannan ya faru ne shekara huɗu kacal bayan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Abin da ya rage mana na tunawa da wannan abin kunya shi ne jakar da muke kira gana-mas-go muna dariya.

Kafin nan, a Janairun 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. In zaɓaɓɓen ɗan majalisa zai kwana ɗan ƙasa ya tashi baƙo, me ya rage wa mai dashen shinkafa? A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai kuma aka rufe Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari, aka yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Janar Tchiani bai rasa abincin dare ko sau ɗaya ba. Mai albasa da mai jinya da amaryar da aka ɗaura wa aure a ƙetaren layi su suka biya.

Yanzu Nijar ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma abin da a da yake haƙƙi a rubuce ya koma alfarma, wadda sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya shafewa. Muna shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mutanen da za su hau jirgin kuwa ba mu tabbatar musu da 'yancin sauka ba.

Cutar ba ta tsaya a bakin iyaka ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin yawo da zama a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 42 ya hana wariya saboda asali. Amma ka je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ko tallafi, za a ce ka kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ba ta tambayar inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji, sai inda kakanka ya fito. Hausawan Jos, waɗanda haƙar kuza ta kai kakannin da yawansu can fiye da shekara ɗari, sun san ɗacin wannan takarda, an kuma zubar da jini a kanta a 2001 da 2008 da 2010. Muna jin zafin abin da ake yi musu. Shin jikan Inyamuri ko Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari, wanda ba ya da wani gida sai Kano, muna jin nasa?

Bunkure ba ta bukatar a ba ta labarin ƙarshen wannan hanya. A ƙarshen Maris 2025, ana shirin ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, ɗauke da mafarauta da ke dawowa gida daga yankin Fatakwal. Aka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16, da yawansu 'yan Torankawa. Gwamnan Edo ya zo har garin ta'aziyya tare da gwamnan Kano. Waɗannan bayin Allah 'yan ƙasa ne, sashe na 41 na kansu, amma a idon taron da ya kewaye su baƙi ne, kuma baƙo a wannan tunani abin zargi ne tun kafin ya buɗe baki. Idon da aka kalli ɗan Torankawa da shi a Uromi, da shi wasunmu ke kallon ɗan Matamaye a bakin kanal. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Hujjojin masu ja

Masu ja da wannan magana ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Ta farko tsaro. Suna cewa makamai da 'yan bindiga ta iyaka suke shigowa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a tuna, ranar 11 ga Disamban 2020 da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, iyaka ta fi shekara guda a rufe. Mai bindiga ba ya bin ƙofa balle rufe ta ya dame shi. Rufewa na tura mai gaskiya ne zuwa hanyar daji, inda zai biya cin hanci ya cakuɗu da ɓata-gari, hukuma ta rasa sanin wa ya shigo. Baƙon da aka rubuta sunansa, aka san mai masaukinsa da gonar da yake aiki, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda tsoro ya sa yake ɓuya.

Ta biyu tattalin arziki. Manomin Kura zai ce rufe iyakar 2019 ce ta ɗaga darajar shinkafarsa, injinan casa suka yawaita. Ban musa ba. Sai dai buhun shinkafar Tailan da aka sauke a Kwatano daban, mutum daban. Ƙasa na da ikon sa wa kaya haraji ko hana su shiga, wannan aikin kwastan ne, kuma ana iya yinsa ba tare da an hana uwa zuwa jana'izar ɗanta ba. Waɗanda suka haɗa biyun a buhu ɗaya ragwanci ne ya sa su.

Ta uku ƙasa da ƙwadago. Ana cewa filin noman rani kaɗan ne, baƙi kuma na karya farashin aiki. Sai mu tambaya, wa ke karɓe filayen? Ɗan ciranin da ya zo da 'yar jakarsa da tabarma ba ya da kuɗin hayar kadada. Masu haya da jingina da saye, kowa a yankin nan ya san daga inda motocinsu ke fitowa. Game da farashi kuwa, abin da ke sa baƙo ya karɓi rabin kuɗin jinga shi ne sanin cewa in an cuce shi ba ya da wurin kai ƙara. Rashin haƙƙinsa ne ke karya farashin, kuma mai gonar ne ke cin ribar, ɗan gari lebura na asara tare da shi. Ka ba baƙo bakin magana, ka ga ko zai yarda a biya shi ƙasa da ɗan'uwansa.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi: ƙananan ƙabilu na tsoron a mamaye su in an soke takardar asali. Wannan tsoro ne ya taso a 2025, lokacin da mataimakin kakakin majalisar wakilai Benjamin Kalu ya kawo ƙudurin ba wanda ya shekara goma a wuri matsayin ɗan asali, har ya janye shi. Tsoron na da tushe, kuma ana iya kare sarautun gargajiya da wuraren tarihi na kowace al'umma da doka ta musamman. Amma makarantar gwamnati da asibiti da aikin hukuma da kuɗin kowa aka yi su. Hana yaro gurbin karatu saboda garin kakansa ba ya kare al'adar kowa.

Mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa fahimta. Dam ɗin Tiga da Gwamna Audu Baƙo ya gina, aka gama a 1974, sai da ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu kafin ruwa ya iso Kadawa. Albarkar da muke taƙama da ita a kan hijirar wasu aka gina ta. Ruwan kansa daga duwatsun kudu yake gangarowa, in ya wuce mu ya bi Haɗeja da Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda a ƙarshensa shi ne iyakar Najeriya da Nijar. In mutanen sama suka ce ruwa na 'yan asalin inda ya ɓuɓɓugo ne, da me za mu yi noman rani?

Abin da ya kamata a yi

Na farko, Najeriya da Nijar su ƙulla yarjejeniya tasu ta kansu a kan zirga-zirga da zama, wadda ba ta rataya a wuyan ECOWAS ba. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu tana nan tun 1971, wannan aikinta ne. A rubuta a ciki cewa duk saɓanin da zai taso tsakanin gwamnatoci, ba za a sake rufe iyaka ga mutane a matsayin horo ba, a kuma samar da kati mai araha ga mazauna jihohin kan iyaka.

Na biyu, majalisar tarayya ta buɗe ƙofar da Turawa suka toshe: haihuwa a wuri, ko zama na adadin shekaru tare da biyan haraji, su wadatar wajen samun duk wani haƙƙi da hukuma ke bayarwa. Kano, wadda ke taƙama da cewa ko da me ka zo an fi ka, ita ta fi dacewa ta fara a majalisarta, domin ta samu bakin nema wa 'ya'yanta irinsa a Jos da Uromi.

Na uku ba ya bukatar Abuja. Dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a Kura da Bunkure da Garun Malam za su iya buɗe littafin 'yan cirani a kowace kaka: suna, gari, mai masauki. Wanda aka rubuta ya san in an hana shi kuɗin aikinsa zai je zauren dagaci a saurare shi kamar kowa, in an yi sata kuma za a nemi shaida kafin a nemi garinsu.

Kammalawa

Faransa na ce wa mutumin Anjuwan baƙo a tsibirin kakanninsa, Birtaniya ta ce wa mutumin Chagos ɗan cirani a kan kabarin uwarsa. Su aƙalla suna da uzurin mugunta irin ta mai mulkin mallaka, wanda bai taɓa ɗaukar waɗannan mutane 'yan'uwansa ba. Mu wane uzuri gare mu, da muke yi wa wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, muke jin karin maganarsa ba tafinta? Tilho da O'Shee sun kafa turakunsu sun tafi fiye da shekara ɗari, mu ne muka zauna gadinsu kyauta. Raɓar da muke rainawa, manomi ya san ita ke raya shuka a daren da ba ruwa, kabar da muke taƙama da ita kuma wata rana iri ce da iska ko tsuntsu ya kawo. Idan hunturu ya sake zagayowa, yaron Magarya zai sauka a tashar Kura da jakarsa, ɗan Torankawa kuma zai hau mota zuwa kudu neman abinci. Yadda muka karɓi na farko, shi ne hujjar da za mu riƙe ranar da za mu nemi a karɓi na biyu.